Takin Turai da na kai Jiratawa

A lokacin da abin nan ya faru ni mai gyaran rediyo ne a Maraɗi, ko in faɗi gaskiya mai marin rediyo, don rabin gyarana da tafin hannu nake yin shi. In ta yi magana in ce gwaninta ce, in ta ƙi in ce mai ita ne ya jiƙa ta. Lakwal, wato boko, aji biyu na yi, na fito da ƴan baƙaƙe da tabon bulala, amma a layinmu Injiniya ake ce mani kuma ban taɓa hana kowa ba. Na haura hamsin, ina da rumfa, ina da baki. Da kasuwar rediyo ta ja baya sai na koma sayen kayan wuta na hannu da ake shigowa da su ta iyaka, su tele, firigo na sanyaya abinci, ordinata wato kwamfuta, da tsofaffin salula cikin buhu. A takarda duk masu aiki ne. In ka sauke ka jona, ƴan kaɗan ne ke buɗe ido, sauran gawa ce aka sha wahalar ɗauko ta daga ƙetaren teku. Gawarwakin nan nake fasawa, in zare wayoyin ciki, in cinna masu wuta a bayan rumfa roba ta narke, in kwashe jan ƙarfe in kai wa ƴan gwangwan. Abin da ya rage, toka da narkakkiyar roba da garin batir da fasasshen gilashi, sai in tura gefe. Shekara da shekaru ina turawa har ya zama tudu.

A bayan kusan kowane kaya akwai wani ɗan zane, kwandon shara mai taya an gitta masa layi biyu. Ban tambayi kowa ba na yi masa fassara da kaina. Na ce Turawa ne ke shaida cewa abin nan ba ya zama shara har abada, komai nasa mai amfani ne. Da wannan nake rufe bakin mai saye in ya fara gardama, in juya masa bayan tele in nuna masa hatimi. Na faɗa har sai da ni kaina na fara yarda.

Ina da amini ɗan Tsibiri, tare muka tashi, tare muka yi kiwon awaki kafin babana ya dawo da mu birni. Kirista ne, dattijo a majami'arsu, mutum marar yawan magana da Allah ya haɗa da ni don ya gwada haƙurinsa. Yana da garka ɗaya a filin noman rani na Jiratawa, cikin waɗanda ƙungiyar manoma ke rabawa tana kuma sa ido a kansu. Zogale yake yi da albasa da salad, kuma da ita kaɗai yake riƙe gidansa. Kowa ya san al'adarmu, kafin shuka masu amalanke kan kwashi jujin cikin gari su kai gona, don shara da toka in sun ruɓe taki ne. Wata ranar kasuwa ya biyo ta rumfata yana kukan ƙasarsa ta gaji, takin zamani kuma ya fi ƙarfinsa. A wannan makon ne mai unguwa ya aiko mani karo na uku cewa in kwashe tuduna, maƙwabta sun gaji da wari. Sai na ja aminina bayan rumfa na nuna masa. Na ce masa wannan ba tokar kara ba ce irin tasu ta ƙauye, takin Turai ne, har hatimi gare shi, kuma don shi ne ba zan karɓi komai ba. Ya yi dariya ya ce tun muna yara bai taɓa jin na ba da abu kyauta ba sai mura. Amma ya yarda. Ya san ni da ƙarya a kan rediyo, bai zaci zan yi ta a kan abinci ba.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Shekaru ina gaya wa mutane jahilci ne ya ja ni, kuma akwai jahilcin. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Na ga ko ciyawa ba ta fitowa kusa da tudun nan da damina. Na ga kajin maƙwabciyata da suka yi tono a wurin sun bi juna sun mutu, har na ce mata ciwon kaji ne ke yawo. Ni kaina in na yi ƙona sai in kwana biyu ina tari mai ɗanɗanon ƙarfe. Duk na san wannan, na haɗiye, don ina son a kwashe mani tudu ba tare da na nemi inda zan kai shi ba.

Amalanke bakwai aka yi. Ya baza, ya kafce, ya saki ruwa. Albasar da ya dasa ta tsaya cak kamar an tsawata mata, sannan ta yi rawaya daga baki. Salad ya ƙone. Zogalen da ya shekara uku yana tsinka ya fara zubar da ganye. Da maƙwabcinsa na ƙasa, wanda ruwa ke gangarawa wajensa, ya ga bakin kunyoyinsa sun soma canza launi, sai ya kai ƙara wurin shugabannin ƙungiya. Suka kira malamin gona, ya sa hannu cikin ƙasa ya fito da guntayen koren allo irin na cikin tele da dunƙulen roba. Aka ce za a zauna a kan maganar, kuma ana iya karɓe garkar a ba wani. Aka tambayi aminina inda ya samo abin, ya ce shi ya kawo da hannunsa, bai ambaci sunana ba.

Ni kuwa da labari ya iso ni sai na kama ciwon baya na ƙarya, na daina bin hanyar da zan haɗu da ƴan Tsibiri. Matarsa ce ta zo har rumfa da rana tsaka. Ta gaishe ni da Baban yara kamar yadda ta saba, ta ƙi zama. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba, ta zo ne ta ga ko da gaske bayan nawa ne ya hana ni tashi, don mijinta ya ce lalle ba ni da lafiya, in da ina da ita da na zo. Ta ce jibi ne zaman, ta juya ta tafi. Na fi son a ce zagina ta yi.

Ranar zaman na hau kabu-kabu na tafi, kuma don ku san irin kan da Allah ya ba ni, na rungumo murfin bayan tele a matsayin shaidata. A gindin bishiya aka zauna, da shugabannin ƙungiya da malamin gona da wata ma'aikaciya daga ofishin kula da muhalli. Na miƙe na ce ni na ba shi, amma ga hatimin Turawa, su duba. Malamin gona ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta kira ni Baba, ta ce zanen na nufin kada a haɗa kayan da sharar gida ko kaɗan, don akwai dalma da wasu dafi a ciki da ba sa ruɓewa, sai dai su zauna cikin ƙasa su shiga ganye su shiga jinin mai ci. Ta ce a ƙasashen da ake ƙera su doka ta sa a mayar da matattun kayan zuwa wani wuri na musamman, kuma warware su a can yana da tsada. Ta ce ƙasashen duniya sun sa hannu a yarjejeniya cewa ba a tura wa wata ƙasa irin wannan shara sai da saninta da yardarta, ƙasashenmu na Afirka ma sun yi tasu da ta fi tsanani, shi ya sa masu turowa ke rubuta kayan hannu a takarda don su wuce. Wato manyan duniya sun zauna sun yi dokar abin da ke bayan rumfata, ni ina nan ina kiran shi taki.

Na tambaye ta, to tunda haka ne ina ne wurin na musamman a nan Maraɗi in kai nawa. Ta ce ita dai ba ta san wanda za ta nuna mani yau ba, ana ta magana a kai. Abin da za ta iya ce mani shi ne kada in ƙona, kada in binne, kada in zuba a gulbi, in adana inda ruwa ba ya taɓawa.

Hukuncin da aka yanke shi ne a kwashe ƙasar saman garkar duka, kuma kada a shuka abin ci a wurin sai malamin gona ya yarda. In an yi haka garka ta zauna hannun mai ita. Mu biyu muka yi aikin, tsofaffi biyu da shebur da kwando, kusan wata guda. A nan na san ciwon baya na gaskiya. Bai taɓa ɗaga mani murya ba. Sau ɗaya kawai, muna hutawa, ya tambaye ni ko na san abin zai yi ɓarna. Na buɗe baki zan yi abin da na saba, na ga ba zan iya ba, na gaya masa maganar kajin. Sai ya miƙe ya ce in ɗauki shebur, rana na yi.

Ba a karɓe garkar ba, amma rani biyu ba ta ba shi ko ganye ɗaya ba. Mutumin da ke da wurinsa ya koma yin ƙwadago a garkar waɗanda ya girma, yana tsinkar zogalen wasu a biya shi da yamma. Yanzu an bar shi ya shuka rabi, rabin kuma har yau ana jira. Muna gaisawa, yana zuwa suna da jana'iza a gidana, amma in na fara ba da labari a cikin mutane sai in ga ya dubi gefe, ni kuma sai labarin ya mutu a bakina.

Abin da na koya bai da yawa, kuma na koye shi a makare. Rashin sani ba ya kashe ƙasar mutum shi kaɗai, sai ya samu wanda ya ga alama ya kau da kai. Ƴan uwana masu fasa kayan wuta, na san da shi ake cin abinci, ba zan ce ku bari ba, amma ku daina ƙonawa, kuma tokar da ciyawa ta ƙi kada ku ba mai amalanke. Manoma, in an kawo maku juji daga birni ku sa hannu ku tona kafin ku baza, ko wanda ya kawo uwarku ɗaya. Masu sa hannu a takardu kuma, mun ji an hana shigowa da shi, to wanda ya riga ya shigo fa?

Ƙasar da muka kwashe ba wanda ya yarda a zuba masa ita, kuma ban ga laifin kowa ba. Tana gidana. Duro goma sha ɗaya da buhuna a ƙarƙashin rumfar kwano, a inda dā matata ke ɗaure tumaki. Duk sanda hadari ya haɗu sai in fita in duba ko kwanon na yoyo. Na tsufa, ba na so in mutu in bar wa ƴaƴana gadonta. In akwai mai karatun da ya san inda ake karɓar irinta, don Allah ya aiko wa mujallar nan, ni zan nemo amalanke.