Karas Mai Jan Tsumma

Na fi shekara talatin ina noman karas a fadamar garinmu, gabas da Gezawa, amma ban taɓa ganin furensa ba sai bayan rasuwar yayana. Ban ma taɓa tambayar kaina ko yana fure ba. Iri a gwangwani muke sayowa daga birni, mu yafa a fangali, mu yi ta ban ruwa, bayan wata uku mu tuge. Wanda ya wuce lokacinsa a ƙasa tauri yake yi kamar itace, ko akuya sai ta yi yanga kafin ta ci.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya yi boko a gidanmu. Ni daga firamare gona na koma. Ya koyar da aikin gona a makarantu wajen Bici har ya yi ritaya, sannan shanyewar ɓarin jiki ta dawo da shi gida, hannun hagu a sake, yana jan ƙafa. Abokan aikinsa sun zo dubiya sau ɗaya ko biyu, daga nan sai waya, daga nan shiru. 'Ya'yansa duk suna can Ungogo da cikin birni. Daga shi sai Hajiya matarsa a gidan.

Wata safiya ya dogara sanda ya same ni a lambu.

"Auta, fangali ɗaya za ka ara mini. Na ƙarshen can, gefen rijiya."

"Me za ka shuka, Yaya? Kai da ko fartanya ba ka iya riƙewa."

"Kai za ka riƙe mini. Zumunci zan haɗa."

Ya zaro ƙulli uku daga aljihu: kusbara, shammar da kammun, 'ya'yan ƙamshin nan da masu magani ke sayarwa a birni. Ya ce duk dangin karas ne, yana so ya jera su wuri ɗaya ya gansu da idonsa. Na yi dariya. Na ce in dai dangi ake nema ai dankali da rogo su ne 'yan uwan karas, tunda duk a ƙarƙashin ƙasa suke ajiye abin nasu.

"A'a," in ji shi. "Waɗannan maƙwabta ne kawai. Tsiro ba a gane danginsa a saiwa. A fure ake ganewa, da 'ya'ya."

Na shuka masa layi huɗu, na huɗun karas. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a kan juyayyen bokiti, ina aiki yana magana. Da kusbara ta yi fure ya kira ni ya nuna mini: sanduna sirara sun tashi daga wuri ɗaya sun baje kamar ƙarafan laima, kowanne da ƙaramar laimarsa a kai. Shammar ma haka, sai dai nata rawaya ne. Ya ce Allah ya halicci tsirrai gida-gida, kuma wannan laimar ita ce tambarin gidansu karas. Ya ce da can masana siffar 'ya'ya suke dubawa su raba su, yanzu kuwa har cikin ƙwayar halitta suke leƙawa, sai suka ga wasu da aka haɗa ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Kammun, wai, ya fi kusbara kusa da karas.

"Kuma irin karas gashi gare shi," ya ce. "Yana maƙalewa a riga."

"Haba Yaya! Tun ina saurayi nake yafa shi, ban taɓa ganin gashi ko ɗaya ba."

"Kamfani ne ke murje shi kafin a zuba a gwangwani. Bari namu ya yi, za ka ba ni haƙuri."

Matsalar ita ce karas ba ya son yin fure a ƙasarmu. Sai ya sha sanyi sosai, mu kuwa sanyinmu gajere ne. Shi kansa Yaya a littafi kawai ya taɓa ganin furen, ya kuma koyar da shi shekara da shekaru a kan allo. Shekarar farko zafi ya shigo, saiwoyin suka ruɓe a ƙasa. Ta biyu ma haka. A ta uku aka yi sanyi mai tsawo, sai guda ɗaya a tsakiyar layin ya fitar da kara, ya miƙe ya wuce 'yan uwansa. Yaya ya yago jan tsumma ya ɗaura a wani tsinke kusa da shi, da hannu ɗaya da haƙori. Ya ce nan da sati uku zai buɗe.

A nan laifina yake. Mu a nan sau da yawa a tsaye muke sayar da karas. Mai saye ya zo ya zaga lambu, a daidaita, ya kawo ma'aikatansa su tuge, su wanke, su ɗura a buhu. A satin nan Yaya yana kwance da zazzaɓi. Mai sayen, wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa, ya tsaya a gefen rijiya ya nuna tsinken da baki.

"Wannan mai jan tsumman fa? A bar shi?"

Na ce, "A haɗa duka."

Ba mantuwa na yi ba, kuma layi ɗaya ba abin da zai ƙara mini. Gaskiyar ita ce na gaji. Na gaji da ban ruwan abin da ba a ci, na gaji da tsokanar maƙwabtan lambu da ke ce mini ɗalibin Malam. A can ƙasan zuciyata kuma akwai wani tsohon haushi: mutumin da bai taɓa kai buhu ɗaya kasuwa ba ya zo yana gaya mini abin da ban sani ba game da karas. Ina tsaye wani ma'aikaci ya finciko shi, ya ga saiwar ta yi itace, ya wurga ta cikin ganyen da ake tara wa dabbobi.

Bayan kwana biyar Yaya ya zo. Ya tsaya a kan fangalin ya daɗe. Kusbarar tana nan, shammar tana nan, layi na huɗu ƙasa ce kawai da sawun ƙafa.

"Ma'aikatan nan ne, Yaya," na ce. "Na je sallar Azahar, kafin in dawo sun gama."

"Ba komai, Auta. Allah ya kai mu baɗi."

Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki tsinken, ya kwance tsumman ya sa a aljihu. Bai sake zuwa lambu ba, ƙafar ta ƙara nauyi. Ni kuma na rage zuwa gidansa. Da kullum bayan La'asar nake leƙa shi, sai ya koma ranar Juma'a, sai ya koma in aika da gaisuwa. In na zauna gabansa nakan yi niyyar faɗa masa gaskiya, sai in kama zancen tsadar taki. Da damina ta yi tsakiya ya rasu. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, ban faɗa masa ba.

Da rani ya zagayo na sake shuka layi huɗun, ban san dalili ba. Ba mai zama a kan bokitin. Maƙwabta ma sun daina tsokanar, abin da ya fi tsokanar ciwo. Shekara uku ina yi, karas na ruɓewa. A ta huɗu guda biyu suka yi kara. Na kewaye su da ƙaya, na hana kowa matsowa. Suka buɗe farare, faɗin tafin hannu, laima a kan laima, ƙudan zuma na ta sauka. Na waiga in kira wani ya gani, babu kowa a fadamar sai injin ban ruwa na wani yana ƙara daga nesa.

Da furen ya bushe sai ya dunƙule ciki kamar sheƙar tsuntsu. Na murza shi a tafin hannu. 'Ya'yan suka zubo, gashi ne da su, ƙanana, masu kaifi. Na yi ta kakkaɓe hannun rigata suna nan maƙale.

Haka na tafi da su gidan Yaya, na sami Hajiya tana tsince shinkafa a tsakar gida. Da ni da ita wasa muke yi tun tana amarya.

"Yau wace rana! Ka ɓata hanya ne, ko tuwon gidanka ya ƙone?"

Na durƙusa na nuna mata hannun rigar, na gaya mata komai, har da kalmomin da na faɗa wa mai sayen. Ta ajiye faifan.

"Ai Malam ya sani," ta ce. "Dattijon nan mai sayen karas ya zo duba shi a satin, ya ce shi da ya so a bar mai tsumman, kai ka ce a haɗa. Na ce bari in kira ka in wanke ka tas. Malam ya ce kul. Ya ce in ka san ya sani, kunya za ta hana ka zuwa, shi kuwa ba shi da mai zuwa sai kai."

Sannan ta ƙara da cewa, "Kullum La'asar sai ya sa na shimfiɗa tabarma biyu."

Ta shiga ɗaki ta fito da jan tsumman, ta ce a aljihun rigarsa ta same shi ranar da take haɗa kayansa. Ta zauna ta tsince 'ya'yan daga hannun rigata ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a ciki ta miƙo mini.

Na shuka su bana, a layi na huɗu. Wanda ya karanta wannan ya roƙa wa Yaya rahama, ni kuma ya roƙa mini gafara, don wanda ya kamata in roƙa ba ya nan.