Hoton Gidan Inna

Daminar bana ruwa ya yi albarka, amma hankali bai kwanta ba. Tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauye, mahaifiyata Inna tana wajena a Kaura, ta daina cin abinci sosai, maganarta ɗaya: ko gidanta yana tsaye? Na ce zan je in ɗauko mata hoto.

Mun tashi da asuba ni da ƙanena. Kuɗin mota ya hau, an cusa mu kamar buhunan gero. Da muka ratsa ƙasar Zurmi hira ta mutu, kowa ido a kan daji, direba na gudu bai ko duba ramuka. Wata mata ta miƙo mini gasasshiyar masara, na riƙe ta har Shinkafi ban ci ba. Daga can muka hau babur zuwa ƙauyenmu, bayan Badarawa.

Rufin ɗakin Inna ya rufta. Ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gida. Mai babur ko kashe mashin bai yi ba, sai kiranmu yake.

Da ma ɗiyata ta koya mini wani salon ɗaukar hoto a waya, wanda fuskar mutum ke fitowa tas da haske, bayansa ya yi dishi-dishi. Na tsayar da ƙanena a ƙofa, na danna wannan salon da gangan. Ya fito kamar ango, gidan kuwa inuwa kawai.

Mun iso Kaura da la'asar, na nuna wa Inna hoton. Inna ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta goge gilashin da bakin zane.

"Wanga ƙaton na san fuskarsa, ni na haife shi. Ina gidan? Ko idona ne ya tafi?"

"Ba idonki ba ne, Inna."

"To kar ki raina ni."

Ta juya ga bango. A nan na gane tausayina bai rage mata komai ba, sai ma tsoron makanta da na ƙara mata.

Ɗiyata ta ce ana iya janye dishin bayan an ɗauka. Washegari bayan sallah na zauna a gefen tabarmar Inna, na ja yatsa a hankali har ɓaraguzai suka bayyana. Ta daɗe tana kallo.

"Bango na nan. Rufi ne kawai."

Na tashi na dama mata koko, na cika kwanon.