Matan da Na Zana Ba Baki

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira sunana a rediyo ba, kuma ba don yabo ba. Ku yaran yanzu masu buga allo a kwamfuta, ku saurara.

Ni mai zanen allon shaguna ne a unguwar Mafoni, nan Maiduguri: na mai aski, na tela, na mai abinci. Farin fenti a ƙasa, a fitar da siffa da alli, sannan launi. Maza daga hotunan shagon aski nake kwafo su. Mata kuwa daga kaina: lafaya, ido, hanci, shi ke nan. Baki ne ya gagare ni. Duk wanda na zana sai ya fito kamar na tarwaɗa, sai na daina sawa. Ba wanda ya taɓa lura.

Sai Malama Yagana. Mai zane ce, ta yi boko mai zurfi, aikinta duk a kan mata yake, kuma tana da shiri a rediyo inda take feɗe aikin masu zane. A shirin ranar ta ce ta zaga unguwannin Mafoni da Fezzan, akwai wani Bukar da ya toshe wa matan Maiduguri baki.

Washegari Ya Falmata mai abinci, wadda rabin aikina ta hannunta yake zuwa, ta sauke allonta daga keke.

"Baba Bukar, ni ce ba ni da baki? Je ka tambayi mijina! Ka sa min, ko in koma wajen yaran kwamfuta, ni da matan layinmu kaf."

Na nufi unguwar Limanti wajen Malama, raina a ɓace.

"Malama, ni ban toshe bakin kowa ba. Iyawa ce ban yi ba!"

Ta yi dariya har ta ajiye burushi. "Ka taɓa tsayawa ka kalli mace tana magana?"

"Ina dai jin su."

"Kana ji, idonka na kan ƙofa. Zauna."

Ta zaunar da ni tsakiyar ɗalibanta mata, da furfurata da komai, ina zana leɓe. A gida kuma na zuba wa matata ido tana faɗan tsadar gawayi, har ta tsaya ta ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Da na mayar wa Ya Falmata allonta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce bakinta na gaske ya fi wannan kyau, amma a rataya.

Na ɗauka magana ta ƙare. Mako na zagayowa Malama ta ce a rediyo, Bukar ya sa baki, amma duk a rufe suke.

Na ji haushi, har yanzu ina ji. Sai dai tun da na fara riƙe burushi, ba wanda ya tsaya ya kalli aikina da kyau sai matar nan. A sana'armu, mai sukar aikinka shi ne ya duba shi. Masu cewa "ya yi kyau" tafiya suke suna faɗa.

Yanzu haƙora nake koyo.