Aina'u da Haddar Turanci

Aina'u 'yar Malam Hashimu ce, mai makarantar allo a ƙauyenmu, gabas da Kunci. Tare muka tashi. Ni na tsaya a firamare, ita ta gama sakandare, ta kuma haddace Alƙur'ani. Bayan ta yi aure tana koyarwa a Islamiyya, tana noman gyaɗa a bayan gida.

Lauya take son zama. Tun ranar da ta raka innarta kotu kan rikicin iyakar gona, ta ga ana ta Turanci a kansu ba wanda ya waiwaye su, abin ya zauna mata a rai. Sai dai kafin a ɗauke ta karatun lauya a jami'a, dole ta ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa, kuma wuri ɗaya ne yake kayar da ita: inda ake ba mutum rubutun Turanci ya karanta, ya amsa tambayoyi a kansa.

Ta sayo littafin tsofaffin tambayoyi ta kama shi yadda ta san ana kama karatu. Hadda ta shiga yi. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, littafi a cinyata ina bi da yatsa, tana kawowa da ka.

"Sauda, na yi tsallake?"

"Ni ina na sani? Baƙaƙen dai sun yi kama da abin da kike faɗa."

"Kin ji malamar banza," in ji ta, muka yi dariya.

Ranar jarrabawa kwamfuta ta kawo mata rubutun da ba ta taɓa gani ba. Ta tsaya maimaita shi a zuci don ya zauna, lokaci ya ƙare. Shekarar da ta biyo ma haka.

Mijinta Khalilu ya kai ta darasi unguwar Rijiyar Zaki a Kano, wurin wani Malam Uwaisu. Ya ce mata ta fara duba tambayoyi, sannan ta koma rubutun ta nemo amsa, abin da ba a tambaya ba ta wuce shi.

"Malam, in tsallake layi? A gidanmu bulala ake sha."

"Malama Aina'u, wannan ba aya ba ce. Gobe ma in kin manta shi, ba zunubi."

Ta sha wuya kafin ta saba. Duk Asabar tana kan hanya, mota zuwa Kano, sannan adaidaita, ga goyo, ga gona na jira. Takan dawo ƙafa a kumbure ta ce min, "Idona yana gudu, zuciyata tana jan shi baya."

A jarrabawa ta gaba makinta ya tashi sosai, amma bai kai na lauya ba. Aka ba ta gurbi a fannin koyarwa. Na ce ta karɓa mana.

"Koyarwa ai ita nake yi, Sauda. Zan sake gwadawa, in na huta."

Ba ta sake ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita da damina, gyaɗarta tana fure, muka rasa ta.

Na yi kewarki, ƙawata. Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya raya abin da kika bari.