Ɗaurin Zanin Mama

Ƙarar takalman katako ce take fara zuwa mini idan na tuna ranar, ƙwas-ƙwas a kan kwalta, daga ƙafafu masu yawa, kafin ganguna su rufe ta.

Jami'armu ta Greensboro a Amurka ce ta tura mu Japan karatun hutun bazara. An sauke ni a gidan wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai. Ba ta jin Turanci, ni kuma abin da na iya a yarensu bai wuce gaisuwa da godiya ba. A wayar gidanta Baba ya same ni.

"Mamanki ta rasu, 'yar nan," in ji shi. "Mun kai ta ɗazu."

Na ce, "To, Baba."

A bayansa ina jin muryar Anti, ƙanwar Mama, tana cewa a ƙara ɗora shinkafa, mutanen garin Summerfield sun iso. Na san ɗakin, na san kujerar da aka ja gefe don a shimfiɗa dardumai. Na tsaya riƙe da wayar ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Jirgin da aka samo mini sai bayan 'yan kwanaki.

Malamarmu da ta rako mu ta gaya wa tsohuwar. Sai tsohuwar ta yanka kankana ta ajiye a gabana. Ina ci, ina salla, ina kwanciya, kamar wata ce ta aike ni in yi mata.

Ana gobe zan tafi garin ya fara bikin rawarsa na bazara. Da la'asar tsohuwar ta fito da wata doguwar riga ta auduga mai buɗaɗɗen gaba, shuɗiya da fararen furanni, tana ƙanshin kafur. Na sa hannuwana a ciki, na kama gefe biyun. Hannuna ya yi abin da ya saba: na kwantar da gefen hagu, na ɗora na dama a kai, na soke a ƙuguna ta hagu.

Haka Mama ta koya mini, wata safiyar Salla a gidanmu na East Greensboro, tana ja tana gyarawa.

"Duk littattafan nan da kike sha, zani ya gagare ki? Dama a sama, ki soke a hagu."

"Mama, ai a nan wando ake sawa."

"A gidan wa? Juyo in gani, 'yar boko."

Tsohuwar ta dubi ƙirjina, fuskarta ta sauya. Ta miƙo hannu za ta warware ta juya gefen. Na riƙe rigar gam. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Na ce, "Mama," na taɓa ɗaurin. Ta daɗe tana kallona, hannunta a kan nawa, busasshe mai ɗumi. Daga nan ta saki, ta ɗauko faffaɗar ɗamara ta naɗa mini a kai yadda yake. Na gyara ɗankwalina muka fita.

Titi ya cika har ba a ganin kwalta. Zafi ya haɗu da hayaƙin kifin da ake gasawa. Mata suna wucewa layi-layi da hulunan kaba a karkace sun rufe musu fuska, hannuwa sama, suna tafiya a kan yatsun ƙafa. Maza suna biye a duƙe, suna juya maficai. Ina ganin komai sarai, amma kamar ta bayan gilashin mota. Mutane suna kallona, wasu su kalli fuskata, su sauke ido kan rigar, su kau da kai. Na ɗauka baƙar fata ce da ɗankwali. Tsohuwar ba ta saki hannun rigata ba.

Can aka buɗe wa 'yan kallo hanya su shiga. Taron ya tura mu tsakiya. Tsohuwar ta ɗaga hannuwa, na ɗaga nawa. Ƙafar dama da hannun dama, ƙafar hagu da hannun hagu. Mun bi titin har ƙarshensa, gumi yana bin bayana, ɗaurin bai kwance ba. Abin da kawai na yi tunani shi ne Mama za ta ce yau kam na iya.

Da na koma gida na tarar an naɗe dardumai, 'yan gaisuwa sun ragu. Baba ya kai ni maƙabarta. Ƙasar ja ce, ciyawa ba ta fito ba tukuna. Na yi addu'a da busassun idanu.

Bayan shekaru, ina aiki a ɗakin karatu na jami'a, wata abokiyar aikina 'yar Japan ta ga hoton ranar a kan teburina. Ta ɗauka ta duba, ta tambaye ni wa ya sa mini rigar. Na ce ni ce, kuma tsohuwar ta so gyarawa na hana. Ta ce a wajensu mai rai hagu yake ɗorawa a sama, dama a sama gawa ake yi wa. Rawar kuma a kwanakin da suke yi wa ruhohin matattunsu rakiya duk shekara ake yin ta.