Jan Ɗigo a Kan Murfin Bututu

Tak Bong-su ba ya wuce abu bai ƙwanƙwasa shi ba. Kankana a kasuwa, ƙofar maƙwabci, tukunyar matarsa, duk sai ya ɗan buga da gaɓar yatsa, ya karkato kunnen hagu ya saurara. Na dama ya mutu tun yana da shekara ashirin da huɗu, ranar da wani ɗakin makunnan lantarki ya tashi kamar bom da mutum biyu a ciki, shi yana tsallaken titi riƙe da tsani.

Ɗan masunci ne daga wani tsibiri a bakin tekun garin Yeosu. Teku ce ba ta karɓe shi ba, tun kafin a kwance jirgi yake fara amai, shi ya sa uban ya kai shi koyon aikin lantarki a unguwar masana'antu. Shekara talatin da uku ke nan yana ja wa wuraren da gas ke yawo waya. Ya bar sigari don ya gaji da ajiye ashana a bakin ƙofa. Matarsa Sun-ja ba ta saya masa singileti sai na auduga zalla, domin na roba yana tartsatsi a jiki.

Aikinsu duka a kan abu ɗaya yake: kada gas ya haɗu da tartsatsi. Waya a cikin bututun ƙarfe take tafiya daga wurin famfuna zuwa ɗakin makunnai, kuma hanyar da waya ta bi, gas ma zai bi. Don haka a tsakani akwai wani ƙullutu mai murfi. A buɗe shi, a cusa auduga, a zuba wani siminti da zai toshe bututun ruf, a mayar da murfin, sannan wanda ya zuba ya ɗiga jan fenti a kai. Jan ɗigo na nufin an zuba. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, haka suka tarar ana yi.

Wanda ya koya masa wannan, Ok Jae-gil, yana nan a wurin har yanzu. Ya haura sittin da biyar, kamfani yana sabunta masa zama shekara-shekara saboda ba a taɓa kama aikinsa da aibi ba. Shi ne ya ɗauki Bong-su a baya zuwa asibiti a waccan ranar. Tun daga nan yake kiransa Kurma, shi kuwa Bong-su yake kiransa Yaya.

Ranar da za a tayar da sabon sashe, an sa ƙarfe goma. A waje da shinge an jera teburin neman sa'a: kan alade yana murmushi, wainar shinkafa, busasshen kifi ɗaure da farin zare. Darakta ya zo daga Seoul. Abin da ya rage kawai, kowane ma'aikacin lantarki ya cire kwaɗonsa daga babban makunni, domin muddin kwaɗo ko ɗaya ne yana rataye, babu mai ba da wuta. Mutum shida sun cire. Saura na Bong-su.

Yana kan hanyar zuwa cirewa ne, da sifanar tagulla a hannu, ya bi ta gefen jerin bututu arba'in. Sun sha sabon fenti ruwan toka, kowane murfi da jan ɗigonsa. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Dum. Dum. Dum. Na talatin da bakwai ya ce ƙwal.

Ya tsaya. Ya sake bugawa, ya kai kunnen hagu har ya taɓa ƙarfen. Ƙwal. Na gaba ma haka, da na gabansa, da na ƙarshe. Huɗu.

Wannan layi na Yaya Ok ne. Sa hannunsa ne a takardar. Kuma ƙarami ba ya kwance aikin babba, ballantana na wanda ya koya masa riƙon sifana, ballantana a ranar da darakta ke tsaye a waje. Bong-su ya ɗora sifanar a kan murfin, ya sauke. Ya duba agogo: tara da arba'in da ɗaya. Ya bi bututun da ido har inda suka shige bangon ɗakin makunnai. Mutum biyar ne za su zauna a ciki yau.

Oba-oba ta yi ƙara a ƙugunsa. Manaja Pyo ne, mai kula da sashen. "Tak, kana ina? Kwaɗonka kaɗai ya rage."

"Ranka ya daɗe, ina zuwa."

Bai motsa ba. Bayan minti biyar sai ga manajan da kansa, yana sauri, hular kwano ta karkace, Yaya Ok na biye da shi yana goge baki.

"Kai Kurma," in ji Ok, "kunne ne ya mutu ko ƙafa? Darakta ya yi ruku'u sau biyu, aladen ma ya gaji da murmushi."

"Ba ni makullin," Manaja Pyo ya miƙo hannu.

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini ɗan lokaci."

"Na me? An duba, an sa hannu. Ga ja nan ko makaho ya gani. Ko akwai abin da ka sani?"

Bong-su ya kalli Yaya Ok. In ya faɗa a gaban manaja, shekarar Ok ta ƙarshe ke nan a wurin. In ya miƙa makullin kuwa, ya san ƙarar da ɗaki ke yi in ya tashi.

"Tak, ina magana! Ka san mutum nawa ke tsaye suna jiranka?"

Ya sa hannu a aljihu ya damƙe makullin, bai fito da shi ba. Sai ya juya, ya miƙa wa Ok sifanar da hannu biyu, kansa a sunkuye.

"Yaya, kunnena ba shi da kyau. Ka jiye mini waɗannan."

Fuskar Ok ta canza. "Aikina kake bi da sifana?"

"Kunnena ne, Yaya. Wataƙila ni ne."

"Ni na ɗauke ka a baya kana zubar da jini, yau kai ne..." Bai ƙarasa ba. Ya fizge sifanar ya maka wa na talatin da shida. Dum. Ya maka wa na gaba.

Ƙwal. Ok ya sake bugawa, wannan karon a hankali. Ya ɗora sifanar ya kwance murfin, ya zura yatsa. Yatsan ya shige har ƙarshe. Ya fito da ɗan guntun auduga busasshe.

"Ranar Alhamis," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ruwa ya sauko, na bar huɗu. Ban ɗiga musu ba. Na rantse ban ɗiga ba."

Manaja Pyo ne ya fara ganewa, domin shi ya sa masu fenti su shafe komai ranar Asabar saboda zuwan darakta. Sun shafe ɗigon duka, sannan suka mayar, kuma don jerin ya yi kyau suka ɗiga wa kowane murfi. Ranar Litinin Ok ya zo ya ga ja daga farko har ƙarshe, ya yarda da fentin fiye da tunaninsa, ya sa hannu.

"Awa nawa simintin ke ɗauka?" Muryar manajan ta yi ƙasa.

"Sai gobe," in ji Bong-su.

"Gobe! Wa zai je ya gaya wa darakta gobe?"

Ok ya juya. Ya wuce ɗakin makunnai, ya ciro kwaɗonsa daga aljihu, ya rataye shi kusa da na Bong-su, ya danna. Sannan ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji, ya nufi teburin da ke waje. Daga nesa Bong-su ya ga farin kansa ya sunkuya a gaban darakta, ya daɗe bai ɗago ba. Bai ambaci masu fenti ba.

Ok da Bong-su suka zuba simintin da rana, ɗaya na damawa ɗaya na zubawa. Washegari aka ba da wuta. A ƙarshen shekara ba a sabunta wa Ok zama ba.

Kafin nan, kwana goma sha tara Ok ya yi yana cin abinci a wani tebur daban. A rana ta ashirin ya zo da farantinsa ya zauna ta hagun Bong-su, ya ɗauki soyayyen kifinsa da sandunan cin abinci ya ɗora masa a kan shinkafa.

"Ci, Kurma," ya ce. "Ka rame."