Mai Saiwa da Tsutsar Fadama

Mai Saiwa kowa ke ce masa, har ƴaƴan cikinsa. Tun yana saurayi yake shiga fadama, ruwa iya cinya, yana tono saiwar wani icce mai ɗaci yana kai wa masu maganin gargajiya. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce kwaɗin fadamar duk surukansa ne, shi ya sa kullum yake durƙushe a gabansu.

Wata shekara masu bincike suka neme shi. Tace saiwar suke yi su ɗura wa ɓerayen da aka sa wa tsargiya, su ga ko za ta ƙarfafa garkuwar jikinsu. Buhu-buhu ya riƙa kai musu. Shugabarsu, wata likita mai fara'a, ta faɗa masa wasu ɓerayen sun fara murmurewa. Ya koma gida yana taƙama.

Jinin da yake gani in ya kewaya kuwa bai taɓa ɗaukarsa ciwo ba, domin tun tasowarsa haka ya ga sa'o'insa ma suna yi. Sai da ciki ya fara kumbura, ƙafafu suka tsotse, sannan matarsa ta ɗora tukunya ta dafa masa saiwar.

"Sha, maigida," in ji ta. "Ɓera ma ya sha ya tashi, balle kai."

Ya yi ta sha har ranar da ya yi aman jini a bakin ƙofa. Ƙanensa ya kai shi wurin likitar.

Ta daɗe tana danna cikin kafin ta yi magana. "Baba, tsargiya ce. Tsutsarta daga ruwan fadama take shiga fatar mutum, ƙwanta ne ya maƙale a hantarka. Jikinka ya yi ta yaƙarsa, tabo kan tabo, har hantar ta ƙandare. Akwai ƙwayar da ke kashe tsutsar, zan ba ka. Amma tabon ba ya gogewa."

"Saiwar fa, ƴata?"

"Da sauran aiki, Baba. Ba mu kai kan mutane ba tukuna."

Ya tambaya ko za a bar shi ya koma ɗakinsa. Can ya cika, kafin ruwan farko ya sauka.

Ƙanen ne ya gaji sana'ar, ga marayu a wuyansa. Likitar ta ba shi takalmin roba mai tsawo. Ya gwada, ya ce laka na riƙe shi, aiki ba ya sauri. Ya rataye shi a bango, ya naɗe wando ya shiga ruwan.